Baba Tartsatsi da Aiki na Bakwai

Kafin in iso da makullin shagona, shi ya riga ya yi gumi. Shekara ashirin da biyu ke nan ina shigowa layinmu da safe ina tarar da Baba Tartsatsi ya jawo igiyar wuta har bakin kwata, ya baje sandunan ƙarfe a ƙasa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da injin gurza. Ba ya amsa gaisuwa sai ya gama. Zai ɗauki sanda, ya goga bakinta a dutsen injin, ya karkata kai ya dubi wutar da ta fesa, sannan ya wurga ta dama ko hagu. Ta dama ce za ta shiga aiki. Ta hagu za ta koma wa dillali, ko da dillalin zai yi ta rantsuwa har muryarsa ta dishe. Daga nan ya samo sunan da duk layin ke kiransa da shi. Sai ya gama wannan tantancewa sannan ya ɗaura tabarau mai duhu, ya kama awo, yanka, bugu da walda, yana kai-kawo tsakanin ciki da waje har rana ta faɗi.

Ni ne mai shagon buga takardu da ke kallon nasa, kuma gaskiya ba da daɗi muka fara maƙwabtaka ba. Duk sa'ad da ya ɗora wayar walda a kan ƙarfe, wutar layin sai ta yi ƙasa, injin kwafina ya tofo shafi mai zane-zane, mai aikin ya tsaya yana harara ta. Sau uku na kai ƙararsa wurin mai gidan da muke haya. Sau uku mai gidan ya tsallaka zai yi masa faɗa, ya dawo da gyararriyar sakata a hannu yana ce mini in yi haƙuri da dattijo. Shi kuwa Baba bai taɓa kirana da sunana ba. Mai Takarda yake ce mini, da irin muryar da ake kiran wanda hannunsa bai taɓa yin kanta ba.

To yau Mai Takardar ne ya ɗauki alƙalami. A ƙarshen watan jiya Baba ya naɗe igiyar wutarsa, ya sallama shagon bayan shekara arba'in da shida yana walda, kuma babu wanda ya tara masa ko mutum biyar. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce bari in faɗi abin da idona ya gani, musamman a wata huɗun ƙarshe, waɗanda suka kusa gamawa da ni da babur ɗina.

Abin da yake nema a wutar nan ta safe shi ne ƙarfe mai laushi, wanda wasu ke kira baƙin ƙarfe. Wata rana na tsallaka da niyyar faɗa, kafin in buɗe baki ya damƙa mini sanda biyu ya ce in faɗa masa bambancinsu. Na juya su, na auna nauyinsu a hannu, na ce duk ƙarfe ne.

“Duk ƙarfe ne?” in ji shi. “To kai ma duk takarda ce ke nan, da ta satifiket da ta ƙunshin gyaɗa.”

Ya goga ta farko. Wuta ta fita doguwa, ja-ja, ta miƙe kamar zare, sai can ƙarshenta ta ɗan rabu. Ya goga ta biyu. Wannan gajera ce, fara, tana fashewa tana rassa tun daga bakin dutsen.

“Ta farko gawayin da ke cikinta kaɗan ne, shi ya sa take da haƙuri,” ya ce. “Ka yanka ta yanku, ka huda ta hudu, ka lanƙwasa ta lanƙwasu, ka haɗa ta da 'yar'uwarta da walda su zama abu ɗaya. Ta biyun gawayi ya yi mata yawa. Ta fi ƙarfi, ba musu, da ita ake sifirin mota da wuƙa. Amma ka kai mata wutar walda, gefen ɗinkin zai huce da sauri ya bushe ya zama gilashi. Kuma ba ta shawara da kowa. Ranar da za ta karye, karyewa kawai za ta yi.”

“Ita mai laushin ba ta karyewa ne?”

“Tana karyewa, amma sai ta yi maka sallama tukuna. Za ta rusuna, ta miƙe, fentinta ya tsattsage, ta yi ta nuna maka ta gaji. Mai ido ya sauke kaya ya kauce.”

Na koma shagona ban yi faɗan ba. Tun daga ranar na fara ganin ƙarfen nan ko'ina na juya: ƙofar gida, ƙarfen taga, gadon asibiti, ƙafar tankin ruwa, ƙusar da ke riƙe rufin ɗakina, wayar shanya, jikin motar da nake shiga. Baba ba ya ɓoye aibinsa. Ba ya riƙe kaifi, ko ka gasa shi ya yi ja ka tsoma a ruwa ba zai zama wuƙar kirki ba. Tsatsa kuma tana sonsa kamar me, shi ya sa babu aikin da ke barin shagon sai ya sha jan fenti hannu biyu, ko mai shi yana tsaye yana duba agogo.

Mai gadin makarantar da ke ƙarshen layinmu har gobe yana ba da labarin ranar da motar yashi ta ƙwace wa direba ta daki ƙofarsu, yara suna wasa a fili. Ƙofar ta lotsa ta shige ciki kamar kwanon da aka taka, amma ba ta tarwatse a kan kowa ba, kuma ta riƙe motar. Baba ne ya ƙera ta. Ya zo da guduma da wutar gas, kafin la'asar ya miƙe ta ya mayar. Mai gidan abincin bayanmu ma za ta gaya maka yadda ta ga ƙafar tankinta ta fara rusunawa bayan ta sauya babban tanki, ta aika aka kira shi, aka zubar da ruwan babu wanda ya ji ciwo. Kai ne mai duban wuta, Baba. Kai ne wanda ba a yi wa gaggawa. Haka na sanka, kuma haka kowa ya sanka, har safiyar da matar gidan bene ta zo.

Wata huɗu ke nan da suka wuce. Da hantsi wata dattijuwa ta sauka daga keke mai ƙafa uku da buhu a hannu, ta zazzage shi a gaban Baba. Guntun ƙarfen baranda ne, irin wanda ake jingina a kansa a bene.

“Baba, aikinka ne wannan?”

Ya shafa ɗinkin da yatsa. “Aikina ne.”

“Jiya na ɗora jiƙaƙƙen bargo a kai na jingina, kawai na ji ya tafi. Allah ya sa ƙafata ta sarƙe da bokiti na faɗi ta baya. Shi kuwa sai ƙasa, har titi. Jikata kullum a nan take leƙen motoci, Baba. Da ita ce fa?”

Na tsallako in gani da idona. Bakin karayar fes yake, babu lanƙwasa, babu alamar miƙewa, yana ƙyalli kamar sukari. Baba ya kunna injin gurza ya goga guntun. Farar wuta ta fashe tana rassa.

Ya rufe shago ya bi matar, bai dawo ba sai da ya yanke duk barandar ya sa sabuwa. Washegari ya shigo shagona, karo na farko a shekara ashirin da biyu, ya tsaya a kaina.

“Shekara tara ke nan,” ya ce. “Damina ce, injin gurzana ya ƙone, mai gyara ya riƙe shi mako guda. Dillali ya kawo sanduna daga wata masana'anta da aka rushe, an shafe su da fenti, kaurinsu daidai da wanda nake so. Masu aiki sun tsaya mini a ka. Na ji zarto yana wahala a kansu, na ce haƙoransa ne suka cinye. Zarto na ɗora wa laifi, Mai Takarda. Ga magagari a rataye a bango, da na goga sau ɗaya da ya zame ya gaya mini gaskiya. Ban goga ba.”

“Aiki nawa ka yi da su?”

“Bakwai. Ɗaya ya zo da kansa. Saura shida.”

Ni dai shawarar rago na ba shi, kuma ina jin kunyarta har yau. Na ce shekara tara sun riƙe, wa ya sani, wa zai tambaya?

“Ita ma barandar shekara tara ta riƙe,” in ji shi, “har shekaranjiya.”

A nan matsala ta biyu take. Idon Baba na hagu ya daɗe da tafiya, na dama kuma yana ta rufe shi har ba ya gane fuska sai an matso. Likita ya sa ranar aikin ido saura mako uku, ya kuma ce bayan aikin babu shi babu hasken walda har abada. Ke nan duk abin da zai gyara da hannunsa sai kafin ranar. Ba ya iya tuƙi, ba ya iya karanta allon shago, ni kuwa ina da babur da idanu biyu. Ban tuna ya roƙe ni ba. Na dai tsinci kaina ina rufe shago da hantsi, dattijo a bayana da jakar kayan aiki tana dukan haƙarƙarina.

Autarsa, wadda ke aiki a kantin magani kuma ita ta yi ta zirga-zirga har aka samu ranar, ta tare mu a bakin layi.

“Baba, ka aiki wani mana. Mutum nawa ka koya wa aikin nan?”

“Su suka yi ɗinkin? Ni na san inda na sa hannuna.”

Ta juyo kaina. “Kawu, har da kai a wannan?”

Na ce ni direba ne kawai. Kallon da ta yi mini ya ishe ni abincin rana.

Biyar daga cikin shidan ba su ba mu wuya sosai ba, domin suna nan inda ya kafa su. Ƙafar tanki biyu a unguwa ɗaya, tsanin gidan burodi, firam ɗin allon wani shago da ke rataye a saman hanyar mutane, da rumfar ajiye mota. Ko'ina muka je aikin ɗaya ne: ya kankare fenti, ya goga, ya dubi wuta da hancinsa kusan a kan dutsen, ya yanke, ya sa mai laushi. A wuri uku ya tarar da tsaga tana kwance ƙarƙashin fenti, siririya kamar gashi, farce ne kawai ke jin ta. Mai ɗaya daga cikin tankunan ya kore mu, yana cewa dabarar neman aiki ce. Da Baba ya ce masa kyauta ne, sai mutumin ya ƙara tsorata, ya kira maƙwabta. Sai da ya ga tsagar da idonsa sannan ya kawo mana ruwan sanyi yana ta ba da haƙuri.

Aiki na bakwai shi ne wanda ya hana Baba sakat. Ƙarfen ɗaga inji ne na gareji: ƙafafu huɗu, sanda a gicce a sama, da zobe a tsakiyarta inda ake rataya sarƙa a ciro injin mota. Sandar da zoben duk daga mugun ƙarfen nan suke. Kuma kowa ya san yadda bakanike ke aiki. Zai ɗaga inji ya bar shi a rataye, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta a ƙarƙashinsa yana kwance noti.

Muka je garejin, muka tarar da shagon tayil. Bakaniken ya rasu shekara uku da suka wuce. Muka nemi matarsa, ta ce ƙanin mijin ne ya sayar da kayan aikin. Muka nemi ƙanin, aka ce ya yi tafiya, wayarsa a kashe. Da ya dawo bayan kwana goma, ya ce wani mai gyaran manyan motoci ya saya, amma bai riƙe sunansa ba, ya dai san yana da wushirya. Ka ji bayani! Ranar asibiti ta zo ta wuce muna bin mai wushirya. Auta ta je ta roƙa aka sake sa wata rana. Muka sami mai wushirya, ya ce abin ya yi masa ƙanƙanta, ya ba wani abokinsa, abokin kuma ya tashi daga inda yake. Rana ta biyu ma ta wuce.

Ban taɓa ganin mutum ya rame a tsaye kamar yadda Baba ya yi a waɗannan makonni ba. Matarsa ta ce abinci sai dai ya taɓa ya ture. In muna kan hanya aka yar da wani abu mai nauyi a gefen titi, sai in ji ya damƙe kafaɗata. Muka bar bin labari muka koma bin gareji ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na hango ƙafafu huɗu da sarƙa sai mu tsaya, ya sauka, ya shafa ɗinki da yatsa, ya girgiza kai, mu wuce. Na daina ƙirga a gareji na hamsin. Tayar baya ta fashe sau biyu, masu kawo mini aiki suka koma wurin wani, matata ta fara tambaya ko na sauya sana'a ne ban gaya mata ba.

Wata safiya haƙurina ya ƙare. Na ce masa na gaji, wataƙila an daɗe da narkar da abin, wataƙila yana wata ƙasa, shi kuma yana wasa da idon da ya rage masa a kan zato. Ya rataya jakarsa, ya ɗauki guntun rodi ya yi sanda da shi, ya kama hanya a ƙasa. Ina tsaye a ƙofar shago ina huci na ga ya doshi babban titi, wata mota ta taka birki da ƙara, direban ya leƙo yana zagi. Na tayar da babur na cim masa.

“Hau,” na ce.

“Ka ce ka gaji.”

“Na gaji. Hau.”

Ya hau. Can muna tafiya ya ce a bayan kunnena, “Wataƙila an narkar, gaskiyarka. Amma wataƙila yanzu haka akwai ɗan wani a kwance a ƙarƙashinsa. Ka gaya mini wanne zan ɗauka in kwanta a gadon asibiti.”

Muka nufi gareji na gaba.

Wanda ya warware mana ba bakanike ba ne. Wani mai tura kurar dako ne da ke hutawa a inuwar gareji yana jin muna tambaya. Ya ce ya tuna abin sarai, domin shi ya ɗauke shi shekara biyu da suka wuce, kuma ƙafarsa ɗaya ta fasa masa taya. Ya kai shi bayan kasuwar katako, wurin wani da ake ce wa Dogo.

Mun isa bayan azahar. Ƙaramin gareji ne, rumfar kwano da ƙasa baƙa ƙirin da mai. Tun daga nesa na ga ƙafafu huɗun. Baba ya sauka yana ƙifta ido.

“Me ke rataye?”

“Injin bas.”

“Akwai mutum?”

Na duba. Dogayen ƙafafu biyu sun fito daga ƙarƙashin injin, ɗaya tana kaɗawa tana bin kiɗan rediyo.

“Akwai.”

Ni da na ɗauka ihu zai yi. Sai ya rage murya, ya matsa a hankali, ya durƙusa nesa da ƙafafun ƙarfen.

“Salamu alaikum, ɗana. Don Allah ka fito a hankali. Kada ka taɓa sarƙa, kada ka dafa injin.”

“Wa alaikumus salam. Baba, ina cikin aiki, bari in ƙarasa notin nan.”

“Bar notin. Magana ce gajera, amma ba ta jira.”

Dogo ya zamo ya fito yana goge hannu, ransa a ɓace. Ya kai shekara arba'in, kuma sunan ya dace da shi. Baba ya gaya masa komai ba tare da kwana-kwana ba: shi ya ƙera, ga kuskuren da ya yi, ga abin da ya faru da baranda.

“Haba, Baba,” in ji Dogo. “Shekara biyu ina ɗaga inji da shi. Ko ƙara bai taɓa yi ba.”

“Ba zai yi ba. Irinsa ba ya ƙara. Sauke injin a kan taya, in na yi ƙarya ka kore ni.”

Ya sauke, yana gunaguni. Muka jawo duro, na riƙe, Baba ya hau yana lalube. Ya kankare fenti a gindin zoben, ya bi wurin da farce, ya tsaya. Ya ce Dogo ya miƙo masa ƙaramar guduma. Bugu ɗaya ya yi daga gefe, kuma ba da ƙarfi ba. Zoben ya ɓalle ya faɗo a kan injin da sarƙarsa.

Dogo ya ɗauka ya juya shi. Kashi uku cikin huɗu na bakin karayar baƙi ne da tsohuwar tsatsa. Ɗan abin da ke ƙyalli, wanda shi kaɗai ke riƙe da injin bas ɗazu, bai kai faɗin yatsa ba. Ya dubi zoben, ya dubi kwalin da ya tashi daga kai, wanda har yanzu shatin bayansa ke jiki. Sai ya zauna a cikin baƙin mai.

“'Ya'ya huɗu gare ni,” ya ce, ba da kowa yake ba. “Ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba.”

“Ka yafe mini,” in ji Baba daga kan duro. “Ni na sa ka a nan.”

Washegari muka dawo da sabuwar sanda mai laushi wadda ya goga sau uku, kaurinta ninki biyu na tsohuwar, domin ya ce tunda ba ta kai waccan ƙarfi ba sai a biya ta da kauri. Auta ta biyo mu da katin asibiti a jaka, ta ce daga nan babu inda za a wuce sai wurin likita. Baba ya sa tabarau ya kama walda. Na san ba ya ganin rabin abin da yake yi. Kunne yake sa wa aikin, ya ce in tana ƙara kamar ƙwai a mai to daidai take. Yana ɗinki, ya tsaya, ya kankare, ya shafa, ya sake bi. Aikin da dā zai gama kafin shayi ya huce ya kai shi har rana ta take.

Da ƙarfe ya huce aka rataya sarƙa, Dogo ya ja injin ya tashi sama. Ya jawo kwalinsa zai shiga, Baba ya riƙe masa hannu.

“Tsaya. Ba kai ne na farko ba.”

Kafin mu gane abin da yake nufi, dattijo ya durƙusa, ya juya, ya zame ya kwanta a ƙarƙashin injin, kansa daidai inda kan Dogo ke zama.

“Baba!” Auta ta yi ƙara. “Baba, don Allah ka fito!”

“In ban yarda in kwanta ba, da wane baki zan ce wa ɗan mutane ya kwanta? Dogo, girgiza sarƙar.”

“Wallahi ba zan iya ba, Baba.”

“Girgiza, na ce. Da ƙarfi, yadda take girgiza in kana fama da noti.”

Dogo ya girgiza, hawaye na bin fuskarsa. Injin ya yi lilo, mai ya ɗigo a rigar Baba, sarƙa ta yi ƙara. Ni na kasa kallo kuma na kasa kau da kai. Sandar ba ta motsa ba. Ya sa aka sake, har sau uku. Sannan ya ci gaba da kwanciyarsa, hannuwansa a kan ƙirji, har na ji tsoro.

“Mai Takarda,” ya ce, “ba ni hannu.”

Na jawo shi. Ya karkaɗe riga, ya cire tabarau mai duhun ya miƙa wa Dogo, ya juya inda yake jin shessheƙar 'yarsa.

“Auta, ina katin? Mu je.”

An yi aikin idon bayan kwana shida. Likita ya yi faɗan jinkirin, amma Baba yana gani yanzu, har ya ce bai san na tsufa haka ba. Walda kuwa ta ƙare, kamar yadda aka gaya masa.

Baba, na gode. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya a shekara arba'in da shida, babu wanda ya sani, babu wanda zai taɓa kama ka, ka bi shi gida-gida da ido rabi kana cewa ni ne. Na gode a madadin matar gidan bene da jikarta, da masu wucewa ƙarƙashin allon nan da ba su san komai ba, da 'ya'yan Dogo huɗu da ubansu ke dawo musu kullum da yamma. Allah ya ƙara maka lafiya, ya saka maka da alheri.

Mu kuma sauran masu sana'a, da mai ɗinki da mai gini da mai allura da ni mai takarda, kowannenmu ya san aikin da ya bari ya wuce ranar da yake sauri, ya shafa masa fenti ya yi shiru. Kada mu jira a kawo mana shi a buhu. Mu tashi mu nemo shi yau, tun wanda ke kwance a ƙarƙashinsa yana da rai.